Batun zuwa Cliffs of Moher: kar ka yi ta yini ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka ban samu zama ba sai yanzu da na taso daga aiki. Ka ce za ka zo taro Dublin, kana da kwana uku bayan an gama, kana tunanin shiga bas ɗin nan na 'yan yawon buɗe ido da ke kai mutane Cliffs of Moher, dogayen duwatsun bakin tekun nan na yammacin ƙasar Ireland, ya dawo da su a ranar. To ni shekarata huɗu a birnin Limerick nan Ireland, duk baƙon da ya sauka a gidana can nake kai shi, har yarana sun gaji da wajen, in na ce a shirya sai su fara ƙunƙuni.

Gaskiya tunda kana da kwana uku kar ka yi ta yini ɗaya. Daga Dublin zuwa can wajen awa uku da rabi ne, zuwa da dawowa awa bakwai kenan kana zaune a kujera, a sauke ka a ce ka dawo mota nan da awa ɗaya da rabi. Nisan ma da sauƙi, abin da ke kada mutane yanayin garin ne. Zuwana na farko mun biya kuɗin shiga mun hau har bakin katanga, wallahi ba abin da muke gani sai fari fat, hazo ne amma ba irin namu na hunturu mai ƙura ba, wannan jiƙa ka yake yi. Muna jin teku na dukan dutse can ƙasa, muna jin kukan tsuntsaye, amma ko wanda ke gabanka da kyar kake gani. Muka koma ciki muka sha shayi muna ta mita, bayan kamar minti arba'in iska ta kwashe hazon gaba ɗaya, sai ga duwatsun nan baƙaƙe a jere sun miƙe cikin teku, na ce Subhanallah ban san na faɗa da ƙarfi ba. 'Yan bas ɗin da muka tarar kuwa tuni direba ya kwashe su, ba su ga komai ba sai shagon tsaraba.

Wajen da ya fi tsayi mita 214 ne, kusa da wata 'yar hasumiya da ake kira O'Brien's Tower, wani mai filaye a yankin Cornelius O'Brien ya gina ta a 1835 don masu zuwa kallo, ka ga ashe ba yau aka fara ba. Ka je da sassafe ko bayan la'asar lokacin basa-basai sun ragu, in bazararsu ce rana ba ta faɗuwa sai wajen goman dare. Kar ka wahalar da kanka da lema, iskar wajen juya ta take yi, tawa ta mutu a can. Rigar ruwa mai hula da takalmi rufaffe. Kuma don Allah kar ka tsallake katanga don hoto, an sha rasa rayuka a wajen, ƙasar bakin tana zaftarewa.

Ka kwana a Doolin, ɗan ƙauye ne kusa da wajen. Daga nan ake shiga jirgin ruwa ya bi ta ƙarƙashin duwatsun, kuma a ganina daga ƙasa ne mutum ke sanin girmansu. Jirage na zuwa tsibiran Aran ma, mafi kusa shi ne Inis Oírr, can har yanzu da yarensu na asali suke magana a tsakaninsu. Amma fa mu 'yan tudu sai a hankali, ni na ci na ƙoshi kafin in shiga, sauran labarin ba sai na faɗa ba. Ka nemi maganin jiri a kemis.

Abin da ya sa na dage ka kwana shi ne Burren, wani yanki kusa da Doolin. Kowa Cliffs yake kira, ni kuma Burren ya fi tsaya min a rai. Sunan ma daga yarensu ne, wai wuri mai duwatsu. Fili ne na dutsen farar ƙasa shimfiɗe launin toka iya ganinka, duk ya tsattsage kamar ƙasan fadama in ta bushe, za ka rantse ba abin da zai tsiro. Sai ka durƙusa ka leƙa cikin tsagar ka ga ciyayi da furanni, a watan Mayu akwai wani ɗan ƙarami shuɗi shar kamar an diga shuni. A tsakiyar wannan fili akwai Poulnabrone, kabari ne na mutanen da, manyan duwatsu a tsaye an ɗora wani faffaɗa a kansu kamar tebur. Ya haura shekara 5,000, ya girmi dalar Giza ta Masar, kuma da aka tona a 1986 da 1988 an samu ƙasusuwan mutum sama da talatin, manya da yara. Ba a biyan ko sisi, igiya ce kawai aka zagaye shi da ita. Na je da yamma ba kowa sai ni da iska, jikina ya yi sanyi.

Wani abin da ya ba ni mamaki, makiyayan wajen a lokacin sanyi suke kora shanu kan dutse, saɓanin sauran wurare da ake sauko da su, saboda dutsen na riƙe ɗumi kuma ruwa ba ya kwanciya a kansa. Na ce da baffana zai ga wannan da an sha hira. Sannan za ka ga katangun dutse ba siminti ko'ina, wasu sun hau tudu ba su kewaye komai ba. Irin waɗannan an gina su ne lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845 da cuta ta kama dankali, aka riƙa sa mayunwata aiki kafin a ba su abin sawa a baki. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu a ƙasar, yankin Clare, inda Cliffs da Burren suke, na cikin inda abin ya fi muni.

In lokaci ya rage ka biya Bunratty Castle kusa da filin jirgin Shannon, ginin wajen 1425 ne, ba laifi amma ba dole ba. Kilkee ma akwai duwatsun bakin teku kyauta ba cunkoso.

Abinci ka kula. Karin kumallon da masauki ke bayarwa cike yake da alade, har wani baƙin abu kewayayye da suke kira black pudding, jini ne. Ka ce ƙwai da burodi da wake kawai. Kifi da soyayyen dankali shi ne mafita, amma ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, wasu haka suke yi. Halal an fi samunsa a birane kamar Galway ko Limerick. Sallah kuwa ni a gefen mota nake shimfiɗa darduma ba wanda ya taɓa ce min kanzil, ka dai danne ta da takalmi kar iska ta tafi da ita.

Mota in za ka haya ka tuna hannun hagu suke bi, hanyoyin Burren kuma sirara ne, katanga dama katanga hagu ga bas na tahowa. In ba ka saba ba ka hau jirgin ƙasa zuwa Galway, ka shiga bas mai lamba 350, yana bi ta Doolin da Cliffs har Ennis. Ka duba hasashen yanayi da daddare, in gobe garau ce ka fara da Cliffs, in hazo ne ka tafi Burren ka dawo jibi. In ka sa ranar ka yi min magana ta inbos, in ba ni da aiki a ƙarshen makon sai in ɗauke ka a tashar Limerick.