Tambaya da Amsa: Tela Mai Keke Ɗaya

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ni tela ne, ɗan asalin Malumfashi, na buɗe ɗan shago a wajejen Ƙofar Ƙaura a Katsina da keke ɗaya tak. Maƙwabtana manyan shaguna ne masu injin aiki da janareta da yara. Ran Lahadi nakan rufe in tafi sujada, ko da ana gab da Sallah, lokacin da ɗinki ya fi yawa. A wa'azi an ce mana duk wanda ya sa Yesu a gaba zai ka da nasa Goliyat, kamar yadda Dawuda ya ka da ƙaton mayaƙin nan da majajjawa. To ni kuɗin haya ma da ƙyar nake haɗawa. Ina nasarar take?
— Wani tela, Katsina

AMSA: Ɗana, salama gare ka. Tambayarka ta taɓa ni, don na san abin da ake nufi da rufe shago a makon Sallah alhali shadda na jibge a kan tebur.

Amma sa Mai Ceto a gaba ba ciniki ba ne, ba a cewa na ba ka Lahadi, ka ba ni kwastoma. Buɗe Littafin Mahukunta sura 6 da 7. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye don tsoron Madayanawa aka kira shi, shi da bakinsa ya ce danginsa ne mafi rauni a kabilar Manassa. Aikin farko da aka ba shi ba yaƙi ba ne, rushe bagaden Ba'al na gidan mahaifinsa ne, kuma da dare ya yi don tsoron mutanen gari. Bayan nan aka rage masa mayaƙa daga 32,000 zuwa 10,000, daga nan zuwa 300, don kada Isra'ila su bugi ƙirji su ce ƙarfinsu ne ya cece su. Ka ga ƙarancin kayan aikinka bai nuna Ubangiji ya manta da kai ba.

Ibraniyawa 11 kuma, wadda ta yaba wa Gidiyon da Dawuda, ita ce ta lissafa waɗanda aka jejjefe da duwatsu da waɗanda suka yi yawo sanye da fatun awaki. Su ma masu bangaskiya ne. Wa'azin da ya tsallake wannan sashe ya rage maka rabin magana, kuma ina jin zafin yadda irinsa ke jefa matasanmu cikin shakka.

Shi Dawudan ma, ai ba ranar ya fara riƙe majajjawa ba. A 1 Sama'ila 17 ya gaya wa Sarki Saul ya taɓa kashe zaki yana kiwon tumakin mahaifinsa. Da aka sa masa sulken sarki, tuɓewa ya yi, don bai saba da shi ba. Kai ma kada ka ci bashin injin da ba za ka iya biya ba don ka yi kafaɗa da maƙwabta.

Ci gaba da zuwa sujada. Sai dai daga Litinin zuwa Asabar ne mutanen Ƙofar Ƙaura za su ga wanda ka sa a gaba. Kowa ya san alkawarin tela: a ce gobe, a zo a tarar ko yanka ba a yi ba. Kai in ka ce Laraba, ta zama Laraba. In Alhaji ya kawo yadi biyar, kaftani da wando suka ci huɗu da rabi, ninke ragowar ka sa masa a leda, ko bai tambaya ba. Tun farkon azumi ka lissafa kayan da keke ɗaya zai iya a kwana shida na mako, in sun cika ka ce wa mai kawowa ya yi haƙuri, ka nuna masa shagon kusa da kai. Waɗannan maƙwabtan ba Goliyat ba ne, abokan sana'a ne, kuma wurinsu za ka kai aikin wuyan riga tunda suna da injin.

Batun haya kuwa, kada ka riƙe shi a ciki. Je ka sami dattawan ikkilisiya da shugabar Zumuntar Mata tun watan Oktoba, ka nuna musu ɗinkinka, ka nemi a ba ka ankon Kirsimeti. Ka faɗi farashi na gaskiya, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka sa almakashi.