Injin surfanina ya daina karanta fulofi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon ɗinki a Agege da tsohon injin surfani ɗan Japan, tokunbo, wanda ke karɓar zane ta faifan fulofi. Yanzu in na saka faifai goma da ƙyar ya karanta biyu, ga Sallah ta ƙarato, manyan rigunan mutane jibge. Yarona ya ce ana iya sa masa filashi. Gaskiya ne, ko in fara neman sabon inji?
Mai ɗinki, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya yi gaskiya, ka bar injinka inda yake. Sony ta daina ƙera fulofi tun 2011, don haka wanda ake sayar maka a matsayin sabo ya daɗe a ajiye, ga danshin Legas da ke sa faifai funfuna.

Abin da kake buƙata wata 'yar na'ura ce mai girman gidan fulofin daidai (wato inda kake zura faifan a jikin injin), wadda aka fi sani da Gotek. A gabanta akwai ramin filashi, da maɓallai biyu, da ɗan allo mai nuna lamba uku. Za a zare tsohon gidan, a mayar da wayoyinsa biyu jikinta. Shi injin bai san an yi canji ba.

To nan ne mutane ke ruɗewa. Ko filashinka gigabait 8 ne, injin ba zai ga fiye da cikin faifai ɗaya a lokaci guda ba. Ana yanka filashin ne gida-gida da manhaja a kwamfuta, 000, 001, 002 har zuwa sama, kowane gida faifai guda, kai kuma ka danna maɓalli ka zaɓa. Ka ajiye ɗan littafi kusa da injin: 004 wuyan kaftani, 011 aska takwas. In ba haka ba, rana za ta faɗi kana danne-danne.

Kafin ka nufi Computer Village a Ikeja, ka sa makaniki ya kwance tsohon gidan ka tafi da shi a leda. Ba duka ne iri ɗaya ba. Wani injin na faifai mai cin 1.44MB ne, wasu tsofaffin kuwa 720KB kaɗai suka sani, in ka sa musu na 1.44 ko kallonsa ba za su yi ba. A ƙirga haƙoran bayansa ma: yawanci 34 ne, amma akwai masu siririyar waya mai 26. Mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Ni da zan samu, na fi son wadda aka ɗora wa FlashFloppy, manhaja ce ta kyauta da ke iya kwaikwayon faifai iri-iri.

In an haɗa ya ƙi aiki, a duba ɗan maƙalin da ke bayanta, ko a kan S0 yake ko S1. Kwamfuta S1 take so, injuna da yawa kuwa S0. In 'yar fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa, galibi an juya wayar ne. Layi mai launin ja da ke jikin wayar, gefen haƙori na 1 yake bi.

Tun yau ka nemi gidan fulofi mai shiga USB, ka kwashe zanukanka na DST (nau'in fayil ɗin zanen surfani) zuwa kwamfuta daga faya-fayan da suka rage da rai. Kuma kada yaron ya zare filashi fitilar na'urar tana ƙiftawa, ko da 'yan NEPA ne ke barazana.