Babur ɗin da kakanmu ya bari, na yaƙin Bama ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da kai da iyali. Ni dai wata damuwa ce ta sa na rubuto. Muna gyaran tsohon gidanmu nan Kaura Namoda sai muka buɗe wani ɗaki da aka daɗe ba a shiga ba, muka iske babur ƙarƙashin tsofaffin buhunan gyaɗa, duk tsatsa ta ci shi, tayoyi sun ruɓe, ko kik ɗin baya motsi. Jikin injin akwai hoton bindigogi uku an jingina su da juna da rubutun BSA. Kakanmu Allah ya jiƙan shi tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, kuma gwaggonmu ta ce ta tashi ta ga yana hawan shi. Yanzu 'yan gwangwan sun yi mai kuɗi, wasu cikin gida sun ce a sayar, wani abokina kuma ya ce mu kai ma mai fenti ya wanke shi ya fesa mai sabon launi. Malam mi ya kamata in yi, kuma ta ya za ni gane ko da gaske babur ɗin yaƙi ne? Daga wani mai karatu, Kaura Namoda, jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan tsoho ya sa ya huta. Don Allah kafin komai kar ka bari 'yan gwangwan su ɗora babur ɗin nan a sikeli, kuma kar ka kai shi wajen mai fenti yanzu, wallahi da na karanta wasiƙarka maganar fentin ta fi tayar min da hankali, domin tarihin da kake nema yana jikin wannan dattin da tsohon fentin, in aka sa sanfefa aka goge shikenan ya tafi. Sannan tunda kayan mamaci ne akwai haƙƙin magada a kai, ka zauna da gwaggo da sauran manya, in ta kama ka biya su abin da 'yan gwangwan suka taya ka riƙe abinka da yardar kowa.

Bindigogi ukun da ka gani tambarin kamfanin BSA ne na garin Birmingham a Ingila, asalinsu maƙeran bindiga ne shi ya sa. A yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, sun ƙera wa sojan Ingila wani babur mai suna M20 wajen guda 126,000, silinda ɗaya ne, cc 500, bawul ɗinsa a gefe suke, bashi da wani gudu amma akwai juriya kuma gyaransa da sauƙi, masu kai saƙo tsakanin rundunoni da masu rakiyar jerin motoci su suka fi hawansa. Akwai 'yan'uwansa na lokacin irin su Norton 16H da Matchless G3L, amma naka tunda BSA ne hankalina ya fi kwanciya da M20. Sai dai fa kamfanin ya ci gaba da yin M20 na farar hula bayan yaƙi, to ganin tambari kaɗai bai isa ba.

Ka samo kananzir da tsohon buroshin goge baki, ka wanke a hankali gefen hagu na injin ƙasan silinda, akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen, wata lambar kuma tana jikin firam can sama kusa da wuyan babur. In ka ga ta fara da WM20 to na soja ne, W ɗin nan alamar ma'aikatar yaƙin Ingila ce. Kar ka damu in lambar injin da ta firam ba su zo ɗaya ba, makanikan soja sukan cire inji daga wannan su ɗora wa wancan, abu ne da aka saba gani. Duba tankin mai ma da kyau a cikin rana, sojoji kan rubuta lamba mai farawa da harafin C a gefensa, wani lokacin tana nan kwance ƙarƙashin fentin da aka ƙara daga baya. Ƙafar gaba ita ma shaida ce, na yaƙi ƙarafa ne a haɗe da sifirin guda a tsakiya, shokis mai shiga da fita irin na baburan yanzu sai 1948 ya zo wa M20. Har mariƙin hannu yana magana, bayan Japan ta kama Malaya a 1942 roba ta yi wuya sai aka koma naɗa tamfol a mariƙi, matakin ƙafa kuma ƙarfe zalla. Duk ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka kwance ko noti ɗaya. Akwai ƙungiyar masu BSA a Ingila, BSA Owners Club, da lambobin nan suke gano shekarar da aka ƙera babur.

Maganar ko shi kaka ya hau a Bama kuwa, ni a ganina da wuya. Sojojinmu na RWAFF, rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, da suka tafi can, wato Bama ta Asiya wadda yanzu ake ce wa Myanmar, suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, an kafa su a 1943, kuma yaƙin da suka yi a kwarin Kaladan da yankin Arakan cikin dokar daji da duwatsu ne, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jeho musu, ba wurin babur bane sosai. Kuma soja in an sallame shi baya tahowa gida da abin hawan gwamnati. Abin da ya fi kama hankali shi ne bayan yaƙi an yi gwanjon irin waɗannan babura da yawa, kaka ya dawo da 'yan kuɗin sallamarsa ko ya kama aiki ya saya, ga shi Kaura gari ne na jirgin ƙasa tun 1929, kaya na shigowa gyaɗa da auduga na fita. Wannan bai rage wa babur ɗin daraja ba ko kaɗan, labarin tsohon sojan da ya dawo daga Bama yana ratsa kasuwar Kaura a kan BSA ai shi ma tarihi ne babba.

Shi ya sa nake roƙonka ka fara da gwaggo tun kafin bakanike. Ka kunna rikoda a waya ka bar ta ta yi ta magana, yaushe ta fara ganinsa, ina yake zuwa da shi, wa ke gyara masa, yaushe ya daina hawa. A bincika akwatinsa ko za a dace da littafin sallama, lambarsa ta soja na ciki, da lambobin yabo irin Burma Star. Da lambar tasa ta soja sai ka tuntuɓi ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, a Gusau, in ka samu hali ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ita ma ke Kaduna, ka nemi fayilolin lardin Sakkwato tunda lokacin Zamfara can take, da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta riƙa kawo labaran yaƙin da Hausa.

Gyara kuma sai a hankali. Kar a taka kik da ƙarfi, fistin ne ya kama, ka cire fulogi ka zuba gas ko baƙin mai da kananzir ka bar shi sati biyu ko uku yana jiƙa. Notikansa na Whitworth ne, wato tsohon awon Ingila, sipana 10 da 12 da 14 na Bajaj da Jincheng ba za su zauna daidai ba sai dai su cinye kan noti, a nemi tsohon bakanike da ya taɓa aikin tsohuwar Land Rover ko Bedford, irinsu ke ajiye waɗannan sipanu. Wutarsa daga maganeto na Lucas take, baya buƙatar batir kafin ya tashi, batirin bolt 6 na fitila da oda ne kawai, amma maganeton da ya shekara hamsin a kwance yawanci sai an sake naɗin kwayil an canza kwandensa. Kafiretarsa Amal ce, wanki take so da sabbin gasket. Ana samun sabbin kayan gyara daga Ingila da Indiya, ƙananan ƙarafa kuma maƙeran Panteka a Kaduna za su iya fitar maka in ka kai musu samfur, amma duk abin da aka cire na asali ka adana shi a kwali ko da ya lalace. Tanki kar mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi sosai, tururin tsohon fetur na fashewa.

Ranar da za a tashe shi ka tuna giya a ƙafar dama take birki a hagu, saɓanin abin da ka saba, a mayar da libar wuta baya kafin a taka don kar kik ya dawo ya bugi ƙafa, kuma da ya kama a buɗe murfin tankin baƙin mai a tabbatar mai yana dawowa ciki, in baya dawowa a kashe nan take. Ka turo min hoton lambobin guda biyu da na tanki, in sha Allahu sai mu duba tare a fitowa ta gaba, ka gaida min gwaggo.