An ba da lasisin haƙar mai a Kolmani, to ina man yake?

Tambaya: Salam Malam, daga Tudun Wadan Zariya nake. Tun 2022 muka ga Buhari a talabijin ya ƙaddamar da aikin mai na Kolmani, aka ce ganga biliyan ɗaya, amma mu dai shiru muke ji. In an ba kamfani lasisi ba shi kenan akwai mai ba? Kuma in an samu a gonar mutum nashi ne? Don ina da gona ta hanyar Giwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya lasisi ba mai ba ne, izini ne kawai na ka je ka nema da kuɗinka. Hukumar NUPRC, mai sa ido kan harkar haƙar mai, ke kula da wannan tun da aka sa hannu a dokar harkar man fetur ta PIA a Agustan 2021, kuma hawa-hawa ne, akwai lasisin bincike, akwai na haƙa rijiyar gwaji, sai in an tabbatar man zai biya kuɗin da aka kashe sannan a ba da na haƙowa a sayar. Ko kana da lasisin ma kowace rijiya sai an sake neman amincewarsu kafin injin ya taɓa ƙasa.

Shi Kolmani ɗin, wanda ke kan iyakar Bauchi da Gombe wajen Alkaleri, ba yau aka fara ba. Shell sun haƙa rijiya ta farko a 1999, suka ga iskar gas da ba ta kai a yi kasuwanci da ita ba, suka tattara suka tafi. NNPC ta dawo ta haƙa ta biyu, a Oktoban 2019 aka sanar an samu mai da gas, bikin da ka gani kuma Nuwamban 2022 ne. A yankin tafkin Chadi kuwa rijiyoyi 23 NNPC ta haƙa a shekarun baya, duk da tana da izini, amma ba wadda ta ba da man sayarwa.

Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne wannan biliyan ɗayan. Ƙiyasi ne na abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma man ba a tafki yake ba, yana cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutsen yashi ne, a yawancin filayen duniya wajen kashi ɗaya cikin uku kawai ake iya fitarwa. Lokacin haƙa za ka ga masanin duwatsu ya ɗebi ɓarɓashin dutsen da lakar haƙa ta fito da shi daga rijiyar, ya wanke, ya sa a ƙarƙashin wata fitila ta musamman, in ya ga yana ƙyalli to akwai alamar mai, amma alama ce fa kawai. Sai an buɗe rijiyar an bar ta ta zubo na kwanaki, ana auna ganga nawa take bayarwa a rana, ƙarfin turowar na raguwa ko yana nan, ruwa nawa ke biyo man. Kamar bohol ne, mai haƙa zai ce maka an samu ruwa, amma sai an sa famfo za ka san ko zai cika tanki ko minti goma zai ɗauke. Don haka in ka ji sanarwa, tambayi ganga nawa a rana, ni wannan adadin nake so a riƙa faɗa wa jama'a a fili, don rashin faɗinsa ne ke sa mutane su ga kamar yaudararsu aka yi.

Sannan ga nisa da teku, dole sai bututu ko matata a wurin, shi ya sa shirin Kolmani ya haɗa da matatar mai da tashar lantarki da kamfanin taki. Maƙwabtanmu Nijar haka suka yi da man Agadem, sai da aka gina matatar Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana.

Maganar gona kuma, a Texas ta Amurka mai fili zai iya mallakar man da ke ƙasansa ya riƙa karɓar kaso, amma a nan sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinai na gwamnatin tarayya ne. Abin da manomi zai samu diyyar amfanin gona da gini ne, jiha ta samu kashi 13 cikin ɗari na kuɗin man da aka haƙo a cikinta, ƙauyukan wurin kuma dokar PIA ta ware musu kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata.

Taka gonar dai ka ci gaba da noman masararka Malam. Ƙasar Zariya da Giwa kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda kake gani a Kufena, mai kuwa sai a kwarin da laka da yashi suka taru kilomitoci a ƙasa na miliyoyin shekaru. Duk wanda ya zo da wata na'ura ya ce ka biya ya auna maka mai a wurin, kar ka ba shi ko sisi.