Amsa ga ɗan uwan da aka yanke wa albashi a Sharaɗa

Ɗan uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce kamfanin robar da kake aiki a Sharaɗa sun rage muku kwanakin aiki, albashi ya koma rabi, manaja na cewa kayan Chana ne suka kashe kasuwa, kana tambaya ka haƙura ka jira ko ka nemi wani abu. To ni na jira, kuma na ga ƙarshen jiran.

Shekara 14 na yi a sashen buga zane a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. Lokacin in jiniya ta kaɗa ta canjin aiki ko keke ba ya samun hanya saboda mutane, masu abinci da masu shayi duk a jikinmu suke ci. Mu ma haka aka fara mana, aka soke obataim, aka kashe injin ɗaya, sai albashin wata ya shiga wani watan. Kullum zance ɗaya, ba wuta, baƙin mai ya yi tsada, auduga ta yi tsada. Kuma ba ƙarya suke ba fa, tun da aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, Chana kuma ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, kaya suka yi ta kwararowa, ko da aka sake haramtawa ta Kwatano ake saukewa a biyo ta Maraɗi da Jibiya a juye a Kantin Kwari. Kai kana tada janareto shi mai masaƙa a Chana wuta ba ta ɗauke masa, ta ina za ka kamo shi?

Amma abin da har gobe yake min ciwo ba Chana ba ce. Wani babba a ofishin ma'aikata ya tara mu ranar Alhamis, ya rantse mana cewa hutun gyaran injin ne na sati biyu kawai. Muka dawo muka tarar da kwaɗo a ƙofa da ƴan sanda a mota. Mutumin nan ya sani! Ya riga ya kwashe iyalinsa. Na tsaya a bakin get ɗin da kular abincina a hannu har azahar, kunyar komawa gida nake. Garatuti kuwa mun yi zarya mun gaji, abokan aikina nawa muka kai makwanci ba su ga ko sisi ba. Sallar shekarar matata ta sayo atamfa mai araha, ina dubawa sai ga irin zanen da muke bugawa, an kwaikwaya, har da rubutun wai a Najeriya aka yi ta a bakin zanen. Ban ce mata komai ba, ita ɗin muke iya saya.

Don haka kar ka ajiye aiki da fushi, amma tun yau ka nemo takardar ɗaukarka aiki da takardun albashi ka yi musu hoto. Ka je wurin masu kula da fanshonka ka duba ko kuɗin da ake cira suna shiga, da yawa ana cira ba a zubawa. In ɗan kwantiragi ne kai to ka san ba ka da kowa, ku haɗa kai da ƴan ƙungiya. Kuma don Allah kar ka ci bashi da sunan za a biya ku ariyas, ni babur ɗina a nan ya tafi.

Masu cewa a rufe boda komai zai gyaru, ai an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tsada, masaƙarmu ko tsintsiya ba a saka mata ba. Kwanakin nan da aka rage maka ka je ka koyi wani abu da su, ni gyaran keken ɗinki na koya ina da shekara 41, yara suna min dariya a shagon. Iyali nawa gare ka ne ma? Ka turo min saƙo ta inbos mu yi magana.