Tambaya da Amsa: 'Yata ta kafe sai kwas ɗin fim da zane a sakandare

Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa a kan abu ɗaya suke, wato kwasa-kwasan sana'a da makarantun sakandare ke ba yara a ɓangaren zane, fim, sauti, dirama da aikin jarida. Na zaɓo huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta 15, a makarantarsu an raba musu takarda wai kowa ya zaɓi layin sana'ar da zai bi har ya gama sakandare, akwai na lafiya akwai na injiniya akwai na kasuwanci, ita kuma ta kafe sai na zane da haɗa fim. Babanta yace bai yarda ba wai me ake koya a can banda rawa da waƙa, ni kuma ina ganinta kullum tana zane tana haɗa bidiyo a waya har dare ya raba, na rasa inda zan tsaya. Dan Allah me ake koya musu ne, kuma ana cin abinci da shi? Daga maman wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Damuwar babanta ba laifi bace, uba ne, so yake ya ga 'yarsa ta tsaya da ƙafarta. Amma hoton da yake gani a ransa ɗan ƙaramin yanki ne na abin. Ki ce masa duk randa ya kalli wani fim kar ya tashi in an gama, ya zauna ya karanta sunayen nan da suke hawa a ƙarshe. 'Yan wasan da suka fito a fuska ba su da yawa, ragowar ɗaruruwan sunayen nan duk ma'aikata ne da ba wanda ya san fuskarsu, mai kyamara, mai saita haske, mai ɗaukar sauti, edita, mai gyara kala, mai zana tufafi, kafintan da ya gina ɗakin da aka yi wasan, mai kwalliya, mai lissafin kuɗi, mai tsara wa zai zo ƙarfe nawa. Mafi yawan abin da ake koyarwa a irin wannan kwas ɗin aikin waɗannan mutanen ne.

Kuma ba sabon abu bane da wasu suka ƙirƙiro jiya. A Amurka tun 1917 gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da sana'a a sakandare da dokar Smith-Hughes, lokacin noma ne da aikin masana'anta da kula da gida. Yanzu dokar Perkins ce ke riƙe da shi, an sabunta ta a 2018, kuma sama da dala biliyan 1 ake raba wa jihohi duk shekara. Jihar Kalifoniya ta kasa sana'o'in gida 15, ɗaya daga ciki shine na fasaha da watsa labarai da nishaɗi, shi ma an raba shi layi huɗu: zane da aikin hoto da bidiyo, wasan dandali da kiɗa, aikin bayan fage da tafiyar da shiri, sai ƙirƙirar wasannin gem. Kin ga kenan rawa da waƙar da babanta yake tsoro layi ɗaya ne cikin huɗu, kuma yadda kika kwatanta 'yarki ba can ta dosa ba. A Los Angeles ma a 2022 an buɗe makarantar Roybal musamman dan horar da yara aikin bayan kyamara. A kudancin Landan akwai makarantar fasaha da nishaɗi mai suna BRIT School tun 1991, tana ɗaukar yara daga shekara 14 zuwa 19 kuma ba a biyan kuɗin makaranta. Jamus kuwa nasu tsarin daban ne, yaro in ya gama makaranta zai shiga kamfani yana koyon aikin hoto da sauti shekara 3, wasu ranakun yana aji wasu yana wurin aiki, ana biyansa alawus duk wata.

Toh amma fa bara in faɗa miki inda gizo ke saƙar, sunan kwas a takarda baya nufin komai. Akwai makarantar da zata rubuta "haɗa fim" da manyan baƙaƙe, yaro ya shekara uku yana kwafar ma'anar kyamara daga allo bai taɓa riƙe ta ba, wannan wallahi ɓata lokacin yaro ne kuma shi yafi bani haushi, dan yaron ya rasa karatun da ya bari kuma bai samu sana'ar ba. Shiyasa kafin ku sa hannu a takardar nan ki ɗau ƙafa ke da babanta ku je makarantar. Ku ce a nuna muku ɗakin aikin, ku ga kayan da idonku, ku tambaya yara nawa ke raba kwamfuta ɗaya. Ku tambayi malamin kwas ɗin a ina ya taɓa aiki kafin ya fara koyarwa, dan wanda bai taɓa miƙa aiki ga wanda ya biya shi ba, aka dawo masa da shi aka ce gyara, akwai abin da ba zai iya koyarwa ba komai yawan digirinsa. Sannan abin da yafi komai, ku ce a nuna muku ayyukan ɗaliban da suka gama bara. In suka fara kame-kame toh kun samu amsarku. A wannan harkar kamar ɗinki ne, ba a tambayar tela takardarsa, rigar da ya ɗinka ake ɗagawa a duba. Yarinyar da ta gama sakandare da gajerun bidiyo uku ko huɗu da ita ta rubuta ta ɗauka ta yi editin, da kundin zanenta a tsare, ta fi mai satifiket biyar da ba abin nunawa.

Ku kuma tabbatar kwas ɗin bai cinye lissafi da harshe da kimiyya ba, ya zama ƙari ne a kansu. 'Yar shekara 15 tana iya canza ra'ayi, haƙƙinta ne, kar a rufe mata ƙofar jami'a tun yanzu. Wasu makarantun ma suna da yarjejeniya da kwaleji ana lissafa wa yaro darasin da ya yi tun a sakandare, ki tambaya ko akwai. In waɗannan sun cika ni dai shawarata ku bar ta. Yarinyar da take kaiwa dare a kan aiki ba wanda ya sa ta, ta riga ta nuna muku wani abu, sai dai a sa mata lokacin barci.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe saura shekara ɗaya, ina layin watsa labarai amma gaskiya na gaji, malaminmu kullum sai rubuta tsarin shiri da koyon saita makirfo da haske, ni kuma YouTube nake so in buɗe in fara samun kuɗi, naga yara sa'annina suna yi ba su je wani kwas ba. In bari ne?

AMSA: Ɗana kar ka bari. Waɗanda kake gani sun yi suna su ne manhajar take turo maka, dubban da suka yi shekara suna ɗora bidiyo ba mai kallo ba zasu taɓa zuwa wayarka ba, shiyasa kake ganin kamar kowa na samu. Kafin YouTube ta fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000, sannan ko dai awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma in baka kai 18 ba sai da babba ya tsaya maka a asusun karɓar kuɗin. In ka tsallake duk wannan, a dogon bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan ne naka.

Abin da kake raina ɗin nan kuwa shine jarin. Mutum zai iya haƙuri da hoton da bai fita sosai ba amma in sauti ya lalace, ana jin iska ana jin amsa-kuwwa, nan take zai wuce. Wanda ya iya makirfo da haske da editin ko tasharsa bata tashi ba masu tashoshin da suka tashi zasu neme shi, haka gidajen rediyo da talabijin da kamfanonin talla da masu shirya taro. Ka buɗe tashar taka yanzu, ka riƙa ɗora aikin da kake yi a aji, shekarar nan da ta rage ka mori kayan makaranta tunda in ka fita haya zaka riƙa yi. Kuma ka kiyaye kiɗan mutane da hotunansu, ka sa abin da ba naka ba babu izini kuɗin bidiyon ya tafi wurin mai shi ko a sauke shi gaba ɗaya.

TAMBAYA: Salam. Makarantar ƙanena ba su da wannan layin kwata-kwata kuma ba mu da halin sayen kayan tsada, shi kuma katun yake so ya koya. Akwai mafita?

AMSA: Akwai ƙanwata. Manhajar haɗa katun ta Blender kyauta ce gaba ɗaya, kuma ba abin wasa bace, fim ɗin katun daga ƙasar Latviya da ya ci kyautar Oscar a 2025 da ita aka yi shi. DaVinci Resolve tana da ta kyauta dan editin, Audacity dan sauti, Krita dan zane, Godot in gem yake so. Kafin duk wannan ma fensir da takarda, ya riƙa zana mutane da dabbobi suna motsi kullum. A fim hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, dan haka kar ya ɗauko labarin awa guda, ya fara da na daƙiƙa 10 ya gama shi tas sannan ya kama wani.

TAMBAYA: Anti ni malami ne kuma uba. Tsorona biyu ne, na farko wannan fasahar AI da ake cewa zata riƙa zane da rubutu da haɗa bidiyo, kar mu tura yara sana'ar da zata mutu kafin su girma. Na biyu naji aikin ba albashi tsayayye. Me zaki ce?

AMSA: Malam duka biyun da gaskiyarka, ba zan rufe maka ba. Da yawan aikin kwantiragi ne, a gama wannan shirin a jira na gaba, wata ɗaya aiki ya yi yawa har ba barci wata biyu shiru. A 2023 marubutan Hollywood sun yi yajin aiki kwana 148, 'yan wasa suka yi kwana 118, kuma maganar AI na cikin manyan abubuwan da aka yi rigima a kai tare da batun biya. Waɗanda suka sha wuya sosai a watannin nan har da masu haske da kafintoci da direbobi da ba su ne ke yajin ba, aiki ne kawai ya tsaya cak. Dan haka duk kwas ɗin da yake gaya wa yara suna da ɗaukaka kawai bai yi musu adalci ba. Ya kamata a zaunar da su a koya musu karanta kwantiragi, yadda ake yanka kuɗin aiki, yadda ake rubuta takardar neman biya, wa ke da haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira, da ajiye na lokacin da ba aiki. Ni a wurina wannan darasin nauyinsa ɗaya da na kyamara, kuma shi aka fi tsallakewa.

Maganar AI kuma, ƙananan ayyukan da ake fara ba sabon shiga, yanke hoto daga bango, rubuta abin da aka faɗa a bidiyo, zanen talla na gaggawa, su ne na'ura ta fara shiga, wannan kuwa abin damuwa ne dan da su yaro ke samun ƙofa. Amma har yanzu mutum ne ke hawa ya rataye fitila a dandali, mutum ne ke zama gaban na'urar sauti ana tsaka da taro makirfo ya fara ƙara ya gyara cikin daƙiƙa, mutum ne ke zama da wanda ake hira da shi har ya saki jiki ya yi magana. Tunda kai malami ne, ka tura yaranka su haɗa hannu biyu, wanda ya iya kyamara ya iya sauti, wanda ya iya zane ya iya rubutu ko ɗan shirya manhaja, kuma a bar su su taɓa kayan AI ɗin a aji a gabanka su ga inda yake taimako da inda yake shirme. Sannan ku nema musu gurbin koyon aiki ko na sati biyu ne a gidan rediyo, talabijin ko kamfanin shirya taro, da takardar yarjejeniya tsakanin makaranta da wurin, a rubuta awannin da zasu yi da sunan babban da zai kula da su, kuma iyaye su sa hannu kafin yaro ya fara zuwa.