Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mata Ke Riƙe da Gidaje a Tsibiran Karebiyan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta cewa a tsibiran Karebiyan, musamman Jamaika, uwa ko kaka ce ke riƙe da gidaje da yawa. Shin mazan ne suka yi watsi da nauyin da ke kansu, ko kuwa haka al'adarsu take tun asali? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika karanta gaskiya ne, domin a Jamaika fiye da kashi 40 cikin 100 na gidaje suna hannun mata, kuma mafi yawan yara ana haifarsu ne kafin a ɗaura wa iyayensu aure a hukumance. Sai dai ɗora wa maza laifin sakaci kaɗai gaggawar yanke hukunci ne.

Asalin lamarin yana gonakin rake na zamanin bauta, inda ɗa ke bin matsayin uwarsa, ubangida kuma yana iya sayar da miji ya raba shi da iyalinsa duk ranar da ya ga dama. Ko da aka 'yanta bayi gaba ɗaya a Jamaika a 1838, ɗaurin aure a coci ya zama abin masu hali, domin ana sa ran ango ya mallaki gida kuma ya yi biki na kece raini. Saboda haka talaka yakan fara da ziyartar uwar 'ya'yansa a gidan iyayenta, daga baya su tare, sai a ɗaura aure bayan ƙarfi ya samu, wani lokaci ma sun riga sun ga jikoki. Turawan mulki sun ɗauki wannan a matsayin lalacewa, har matar gwamnan Jamaika ta ƙaddamar da gangamin auren gayya a 1944, amma bai yi nisa ba, tunda bai taɓa talaucin da ke hana auren ba.

Ci-rani ya ƙara wa abin ƙarfi. Maza sun tafi haƙar mashigin ruwa na Panama, sannan daga 1948 aka yi ta kwarara zuwa Ingila, aka bar yara a hannun kakanni ana aiko musu da kuɗi da kaya. Uban da ba ya kwana a gida sau da yawa shi ne ke biyan kuɗin makaranta, kawu kuma ya tsaya a madadinsa wajen tarbiyya.

Bayan samun 'yancin kai a 1962, doka ce ta biyo al'ada: a 1976 Jamaika ta daidaita haƙƙin 'ya'ya, ko an haife su cikin aure ko a'a, a 2004 kuma ta amince wa waɗanda suka zauna tare shekara 5 da haƙƙin rabon dukiya irin na ma'aurata.

Kada kuma ki yi wa tsibiran kuɗin goro. A Tirinidad, jikokin Indiyawan da aka kawo aikin ƙwadago tsakanin 1845 da 1917 sun daɗe suna riƙe da babban gida a ƙarƙashin uba, inda amarya ke tarewa cikin dangin mijinta.